Takardar da Veturia ta ƙi sa wa hannu

Shekara ashirin da biyu Veturia Mocanu ta yi tana ɗinka wuyan riguna a wata masana'anta a birnin Bacau. Ranar da aka rufe wurin tana da shekara arba'in da huɗu, kuma ban da keken ɗinki ba abin da ta iya. Sai ta shiga wata makarantar kuɗi a saman kantin magani, inda ake koyar da aikin jinya. Yaran ajin Tanti suke ce mata, wato gwaggo, littafinta kuma suke kwafa.

Shekara biyu suna karatu ba su taka asibiti ba. A jikin lemo suke koyon allura. In aka tambayi Zaharia, mai makarantar, sai ya ce wata mai zuwa.

Wata Talata ya shigo aji da takardu, yana share gumi.

"Gobe masu bincike za su zo daga ma'aikatar ilimi. Kowa ya sa hannu cewa ya yi wata shida a asibiti. In suka rufe mu, wahalarku ta tashi a banza."

Kowa ya sa. Veturia kuwa ta riƙe biro, ba ta sa ba. Ilinca, yarinyar da ke gefenta, ta zungure ta.

"Haba Tanti, sa mana! Ke kin ci zamaninki, mu yanzu muka fara."

"In aka miƙo min hannun jariri fa? In ce lemo ne?"

"To ki kashe mu duka ki huta."

Haka Veturia ta mayar da takardar fara fat.

Washegari mai binciken, wata siririyar mace, ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan wadda ba a sa wa hannu ba.

"Wace ce Mocanu?"

Veturia ta miƙe. Zaharia na bakin ƙofa ya kafe ta da ido.

"A wane asibiti kika yi horo?"

"Ranki ya daɗe, rabona da asibiti tun haihuwar autana."



Kafin wata ya ƙare aka garƙame makarantar. Ma'aikatar ta rarraba ɗaliban zuwa makarantu masu rajista, amma shekara ɗaya kacal aka yarda sun yi. Rabin ajin suka haƙura da karatu, suka tafi Italiya kula da tsofaffi. Veturia ta ƙarasa tana da shekara arba'in da takwas, ta samu aiki a ɗakin masu ciwon ƙoda. Har yau akwai iyayen 'yan ajin da ke sauya hanya in sun hango ta a kasuwa.