Kwalbar Delmer

Duk wanda ya taɓa haɗa jirgi da hannunsa a ƙauyukanmu na Nebraska ya san rumfar Delmer Vosika. Manomin masara ne, bai yi karatun inji ba, amma in kafireton jirginka ya soma tari, wurinsa za ka nufa. Kullum da 'yar kwalba a aljihunsa. Kafin jirgi ya tashi daga filin ciyawarmu, sai ya tsiyayo mai daga ƙasan tanki, ya ɗaga kwalbar saitin rana, ya daɗe yana kallo. Shekara talatin ke nan da zanzaro ya toshe ƙofar iskar tankin wansa Milo, mai ya daina sauka, jirgin ya faɗo a gonar waken suya. Tun ranar da aka binne shi Delmer bai ƙara yarda da man da bai gani da idonsa ba.

Shi da Orval, mijin ƙanwarsa Lorene, sun yi hunturu tara suna haɗa jirage biyu iri ɗaya, kowanne mai kujera guda. Bana likita ya ce idon Orval ya soma gazawa, ran Litinin zai mayar da takardar tuƙi. Lahadi kaɗai ta rage masa, ranar da masu jirage ke tashi zuwa garin maƙwabta cin fanke da kofi.

Ran Asabar da hantsi Delmer ya tsiyayo man jirgin Orval, bai ga shuɗin man jirgi ba.

"Orval, me ka ɗura wa jirgin nan?"

"Mai mana. Ko madara ka gani?"

"Na mota ne wannan, mai barasar masara. Tun yaushe?"

"Tun bazara. To masarar wa? Tamu ce fa! Motata shekara ashirin tana shan sa, ko atishawa ba ta yi ba."

"Motarka in ta mutu gefen titi za ka gangara, tsoho. Can sama wane gefe gare ka?"

Delmer ya kwance kafireton, ya ga ɓarnar barasar. Ɗan ƙoƙon da ke yawo a kan mai ya jiƙe ya yi nauyi, robar bakin allurar da ke tsayar da mai ta yi laushi kamar cingam, tiyo duk ya kumbura. Sabbin kaya kuwa sai bayan kwana goma.

Orval ya rage murya. "Mayar mini da shi haka, Delmer. Minti ashirin ne kawai."

"Milo ma minti ashirin ya ce."

Delmer ya ɗauki sifana ya nufi nasa jirgin, ya kwanto kafireto da tiyo.

"Kai kuma da me za ka tashi?"

"Da motar Lorene. Dole wani ya riƙe maka kujera."

Sai yamma lis suka gama. Sun zubar da man, sun wanke tanki, sun ɗura shuɗi, suka ɗaure jirgin a turke injin na gudu rabin awa, Delmer ya kasa kunne.

Da safiyar Lahadi ya tsiyayo mai, ya miƙa wa Orval kwalbar.

"Duba da kanka."

"Ni shuɗi kawai nake gani."

"Shi ake so. Hau."

Tun da suka gama jiragen, wannan ne karo na farko da ɗaya ya tashi ya bar ɗaya a ƙasa. Delmer ya cire hula ya tsaya cikin raɓa, yana bin ƙarar injin har ta ɓace, ba tari ko sau ɗaya.

Da Delmer da Lorene suka isa garin a mota, suka iske Orval zaune kan tayar jirgin da faranti biyu a cinya, idonsa jawur.

"Ka makara, tsoho. Fankenka ya huce."

Delmer ya karɓa, ya zauna kusa da shi a ciyawa.