Sunan Maigidana a Bangon Birni

Waɗanda ke zauren ran nan: ni, da surukata Rabi, da Tanko mai kai gyaɗa birni, sai Malam Ado maƙwabcinmu. Tanko ne ya ce an kafa allon ƙarfe a bangon wani tsohon asibiti a Kano, da sunayen maginan da suka gina shi. Da na ce ai da maigidana aka yi ginin nan, Malam Ado ya kece da dariya. "Marigayi dai dako ya yi a cin rani, Inna. Wane gini?"

Na tashi tsam. Na ce Rabi ta shirya.

Tsanyawa

Kafin kiran assalatu mun fito. A tasha na zauna bayan direba don in sa masa ido. Da ya fara gudu na ce, "Ɗan nan, ba gyaɗa ka ɗauko ba." A shingen Bichi aka tsayar da mu, na sayi ƙosai, amma zumuɗi ya hana ni ci.

Kano

Daga tasha a-daidaita-sahu ya kai mu. Ga allon nan, fes, yana ƙyalli! Ni ban yi boko ba, Rabi ma haka. Na tare wani ma'aikaci mai farar riga.

"Wane suna kike nema, Hajiya?"

Nan na tsaya cak. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa kama sunansa ba, ba kuwa zan fara a bakin titi ba. Na dubi Rabi, ta sunkuyar da kai. Ina ita ina sunan suruki!

"To in ba suna, ya zan yi?"

"Karanto duka, Malam. Kunnena lafiya lau."

Ya fara daga sama. Na kasa kunne. Can wajen ƙasa ya faɗe shi, har da sunan mahaifinsa, har da "na Tsanyawa". Ban san sanda guɗa ta kuɓuce mini ba! Na ce ya ɗora yatsana a wurin, na shafa. Rabi ta ɗauki hoton sunan a waya.

Gida

Mun iso da magariba, alhamdulillahi, Allah ya saka wa mai farar riga.

Da gari ya waye na ɗauki wayar, na sami Malam Ado a dakalinsa cikin mutane. Na miƙa masa.

"Ka san ni ba na faɗar sunan nan. Kai mai karatu, faɗe shi. Da ƙarfi."