Yadda Mai Wankan Gawa Take Kallon Fim

Matata ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu, a wani ƙauye da ke kan hanyar Ƙarfi in an fito daga Malumfashi. Ba sana'a ba ce, ko goro ba ta taɓa karɓa a kai ba. Wurin kakarta ta gada. Idan mace ta rasu, kafin kuka ya lafa za a yi sallama a zaure, ta ɗauki ƙwaryarta da ƙullin ganyen magarya da ɗan kafur ta fita. In ta dawo ba ta faɗin abin da ta gani. Duk zaman da muka yi, ban taɓa jin ta ce gawar wance ta yi kaza ba.

Da su biyu ne, ita da wata tsohuwa. Da tsohuwar ta rasu, ita ta wanke ta, ta rage ita kaɗai. Matan unguwa sukan taya ta miƙa ruwa, amma da an zo juya gawa sai kowacce ta ja baya.

Ana cikin maimai a gonakin masara ciwo ya kama ta. A bakin murhu ta faɗi, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Muka yi jinya a asibitin Malumfashi, suka ce hawan jini ne, suka sallame mu da magani. Allah Ya bar mata harshenta, ko da yake ya yi nauyi. Autarmu, wadda ke aure a Funtuwa, ta nemi izinin mijinta ta dawo gida jinya. Ta zo da kayanta da wayarta, wayar kuwa cike da finafinan da masu turi a kasuwa suka zuba mata, wai don uwarta ta riƙa ɗebe kewa.

Auta mace ce mai ƙwazo, amma tana da tsoron gawa, tsoro irin wanda ake ba da labari. Tana yarinya ta kalli wani fim na ban tsoro a gidan maƙwabcinmu mai talabijin da janareta, inda matacce ya yaye mayafi ya tashi zaune. Tun daga ranar ba ta bin gefen masallaci inda ake jingine makara. Ta girma, ta yi aure, ta haihu, amma gidan rasuwa ba ta shiga sai an dawo daga maƙabarta.

Muna cikin wannan jinya wata maƙwabciyarmu ta rasu da hantsi. Aka rasa mai wanka. Sai da aka tura babur wani ƙauye aka ɗauko wata mata, gawa tana ajiye har bayan azahar. Matata tana kwance tana jin komai ta katanga. Da na shigo na same ta hawaye na gangarowa cikin kunnenta, ga shi hannu ɗaya kawai take iya ɗagawa.

Ta ce, "Malam, ni ma haka za a ajiye ni ana jiran baƙuwa?"

Na ce, "Ki daina wannan magana. In ma ta kama, littafi ya yarda miji ya wanke matarsa."

Ta ce, "Na san littafinka. Ka iya kitso?"

Na ce ban iya ba.

Ta ce, "Kuma ba ni kaɗai ce mace a unguwar nan ba. Hannun Auta nake so." Auta tana bakin ƙofa da kwanon kunu. Ta ajiye kwanon ta fita.

Ni dai da farko ban so zancen finafinan nan ba. Nakan zauna a bakin ƙofar ɗaki bayan la'asar da littafina, su kuma su jingina wayar da tulu suna kallo. Amma kunne ba shi da murfi. Kwana kaɗan na tarar na matso da buzuna, ina tambayar wane ne ya kashe wane.

Abin da na lura da shi, matata ba ta kallon fim yadda mutane suke kallo. Soyayya da faɗa duk wucewa suke yi ta gabanta. Amma da an mutu sai ta ce, "Auta, tsayar da shi." Ma'auninta ke nan. Kowace ƙasa da yadda take yi da matattunta take auna ta.

Na Indiya muka fi kallo, saboda ana fassara su da Hausa, ni kuwa rubutun bokon da ke gudu a ƙasan hoto ba na kama shi. Tana yabon su da abu biyu. Sun san darajar uwa, kuma sun iya kuka, irin kukan da ke fitowa daga ciki. Amma ta ce ba su san fitar rai ba. Mutum an soke shi da wuƙa, ya kwanta a cinyar ɗan'uwansa ya yi ta jawabi, ya raba gado, ya ɗaura aure, ya yafe wa bos, sannan ya karkatar da kai.

"Wannan da numfashin da ya yi surutun nan ya yi amfani da shi, da ya kai kansa asibiti," in ji ta.

Ranar da aka nuna suna ƙone gawa, Auta ta kau da kai, ni na yi ta'awwuzi. Ita kuwa ta zuba ido. Bayan an wuce ta ce, "Addininsu daban, mun gode wa Allah da Ya raba mu da wannan. Amma kin ga wanda ya tsaya a kan gawar? Ɗansa ne. Ba su aika wani gari a ɗauko musu baƙo ba." Auta ta ce, "Inna, ke komai sai kin juyo da shi kaina." Ta ce, "To wa zan juya wa, babanki da bai iya kitso ba?"

Na Amurka ta ce sun fi kowa iya ɗaukar hoto, kuma ba sa yi wa ido ƙarya. In mutum ya faɗi, faɗuwar gaske yake yi, jikinsa ya saki, mai ɗaukarsa ya yi nishi. Ta ce wanda ya shirya wannan ya taɓa ɗaga mamaci. Sai dai abin da ya hana ta son su, jarumi zai harbe mutane su cika titi, ya tsallake su ya wuce ya kunna sigari. Takan ce, "Waɗannan duk ba su da uwa? Wa zai kwashe su?" Har fim ya ƙare hankalinta yana can wurin waɗanda aka bari a titi. Ni na fi son na Cana, saboda almajiri yana durƙusa wa malaminsa, yana ɗebo ruwa shekara da shekaru kafin a koya masa komai. Ita ta ce haƙurinsu ya yi, amma mutumin da ke tashi sama kamar balbela ba ta san yadda za ta ji tausayinsa ba.

Namu na Hausa kuwa, a kansu ta fi faɗa, don su ta fi so. Gidajenmu ne, tabarmarmu, gaisuwarmu. In aka yi zaman makoki, yadda ake cewa ya haƙuri a amsa, takan ce babu ƙasar da ta kai mu. Mai ban dariya ɗaya ya sa ta dariyar da sai da muka ba ta ruwa. Amma marar lafiya a fim ɗin Hausa tana kwance rai a hannun Allah da jan baki da gazal. In ta cika, a ja mata zane, cikinta yana hawa yana sauka.

"Tsayar da shi. Auta, me suka yi ba daidai ba?"

Da farko Auta takan ce ita ba ta sani ba. Daga baya ta fara amsawa, da gunaguni. Ba su rufe mata ido ba. Ba su ɗaure mata haɓa ba. Sun bar ta da ɗankunne. Uwar takan ce, "Saura ɗaya." Auta ta ƙura ido, ta ce, "Ba su juya ta gabas ba." Ta ce, "Ashe 'yar birni tana da ido."

Ran nan da rana tsaka, kaji suna kiwo a tsakar gida, ta ce a saka mata na ban tsoro. Auta ta ce ba ta da shi. Ta ce, "Ƙarya kike yi, mai turi ba ya zaɓe, abin da ya samu yake zubawa." Aka lalubo wani na Kudu. Auta ta zauna nesa, ta rufe rabin fuska da mayafi. Aka nuno gawa a kan tebur, ana kiɗa mai tsinka zuciya. Kafin gawar ta motsa, matata ta ce a tsayar.

"Matso nan, matsoraciya. Dubi ƙafarsa."

Auta ta matso.

"Kin ga yatsunsa a tsaye suna kallon sama? Mamaci ƙafarsa kwantawa take yi gefe. Dubi wuyansa, ya ƙanƙame shi. Wannan da ransa, so yake a gama ya je ya ci abinci." Ta huta, don magana mai tsawo tana gajiyar da ita. Sannan ta ce, "Na wanke waɗanda suka haife ni a unguwar nan, na wanke waɗanda na yanke wa cibi. Ba wadda ta taɓa ɗaga mini ko yatsa. Mamaci ya fi jariri rashin ƙarfi, jariri ko kuka ya yi. Abin da duk finafinan nan suka kasa nunawa ke nan, daga na Indiya har namu. Duk tsoronsa suke ji ko kukan kansu suke yi. Ba wanda ya ji tausayinsa."

Auta ta kalli fim ɗin har ƙarshe, gawar ta tashi ta yi ta ɓarna, ita ko gezau.

Tun dawowarmu daga asibiti Auta ce ke yi mata wanka, tunda ba ta iya yi da kanta. Nakan ji su daga zaure. Ruwan ya yi zafi, surka. Rufe ni da zane tukuna. Naɗe hannunki da ƙyalle. Fara da dama. Wani lokaci ta ce a tsinko magarya a bayan gida a daka a zuba, wai tana sa jiki daɗi. Ni na gane tun da wuri, na kama bakina.

Auta ba ta gane ba sai ranar da uwar ta ce ta tsefe mata kai, ta wanke, ta kama shi gida uku ta sake su baya. Na ji an yar da matsefi.

"Inna! Ashe abin da kike sa ni ke nan?"

"Me nake sa ki? Wanka kike yi mini."

"Wankan gawa kike sa ni in yi miki da ranki!"

Ta fito tsakar gida tana kuka kamar ƙaramar yarinya, ta ce, "Baba, ka ji abin da Inna take yi mini?" Na ce na ji. Daga cikin ɗaki muryar nan mai nauyi ta ce, "Rabin jikina ya riga ya tafi, kullum kina juya shi, ya taɓa cizon ki? Zo ki ƙarasa mini, sanyi nake ji." Auta ta share fuska ta koma.

Bayan wannan ba su ƙara zancen ba. Suka shiga kallon wani dogon shiri na Turkiyya, na mayaƙan da, wanda ba ya ƙarewa. Shi ne kaɗai na ga ta sassauta masa. Ta ce suna da yawan zare ido da dogon buri, kuma an ja labarin kamar igiyar guga, amma in mutum zai cika ana laƙƙana masa kalmar shahada, ana yi masa salla. Na ce to wannan ya ci jarrabawa ke nan. Ta ce, "Na maza kawai suke nunawa."

Ba ta ga ƙarshensa ba. An kwashe masara, auduga ta fara buɗewa a gonaki, ciwon ya dawo mata da safe, bayan ta sha kunu. Ina riƙe da hannunta mai lafiya ina maimaita mata kalma, tana bi da leɓe. Ba ta yi jawabi ba, ba ta raba komai ba. Numfashi ne ya yi ta nisa da juna har wanda muke jira bai zo ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na miƙa hannu zan rufe mata ido, na tarar Auta ta riga ni. Ta yagi gefen ɗankwalinta ta ɗaure mata haɓa.

Da maza suka taru a zaure, wani ya ce bari ya tayar da babur ya ɗauko matar nan ta wancan ƙauye tun rana ba ta yi ba. Ban so in ɗora wa yarinyar abin da ba ta ce ta ɗauka ba. Na ce ya ɗan dakata, na leƙa cikin gida. Tukunya tana kan wuta. Auta tana tsugune a bakin turmi tana dakan magarya, ƙwaryar uwarta a gefenta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, a aiko da likkafani da auduga. Kuma a ce wa mata biyu su shigo su miƙa mini ruwa."

Na koma zaure na ce a bar babur.

Muna zaune muna jin zubar ruwa, a yi shiru, a sake zubawa. Ban taɓa sauraron wani abu a duniya kamar yadda na saurari ruwan nan ba. Can ƙanshin kafur ya iso mana. Auta ta zo bakin zaure ta tsaya daga ciki, hannun rigarta a jiƙe har gwiwar hannu, ta yi sallama.

Ta ce, "Baba, an gama. Na yi mata kitson."

Muka tashi muka ɗauko makara. Kafin azahar mun kai ta. Allah Ya jiƙanta, Ya suturta ta kamar yadda ta suturta matan unguwarmu.