Mai Kunne da Motar Auta

Duk wanda ya taɓa kai mota garejin nan na bayan gidan mai ya san Mai Kunne, ya kuma san masifarsa. Gajere ne kakkaura, ga baki da ba ya ajiye magana. Sunan kuwa ba a banza ya same shi ba. Tun yana saurayi, da mota ta shigo zai ce wa mai ita, "Juya sitiyari har ƙarshe." Yana jin kukan ya gama bincike. In ƙara ce siririya mai tsinin tsiya, bel ne ya saki. In gurnani ne daga can ciki, famfon sitiyari ya kama hanyar mutuwa. In kuwa kuka ne irin na kyanwar da aka taka wa wutsiya, to mai ya yi ƙasa ko iska ta shiga. Da kunnen nan ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya, ya koya wa ƙaninsa sana'a har suka haɗa gareji.

To, a 'yan shekarun nan sai duniya ta lalace masa. Mutane sun koyi magana ƙasa-ƙasa kamar munafukai, matarsa ta koma ƙunƙuni, rediyo ma an daina ƙera na kirki. Haka yake faɗa yana kumfar baki, kuma ba wanda ya isa ya ce masa laifin ba na duniya ba ne. Ƙanin ya taɓa gwadawa.

"Yaya, da ka je an duba kunnen nan, ka ɗan huta a gida."

"Ni za ka ajiye a gida? Ni da na koya maka riƙe sifana?"

Ranar da jifan sifana ya raka ƙanin har bakin titi. Mai Kunne ba wawa ba ne. Ya san ranar da ya yarda ba ya ji, ranar za a ajiye masa benci a inuwa, ya zama tsohon da ake gaisarwa a wuce. Wannan yake tsoro, tsoron kuma shi ne yake fita a matsayin faɗa.

Ana nan sai autarsa, malamar jinya, ta kawo motarta ta ce sitiyarin yana kuka. Ya sunkuya, ta juya, bai ji komai ba. Ko bonet bai buɗe ba, don shi bai taɓa buƙatar ido ba.

"Lafiyarta ƙalau. Ke dai kin cika tsoro."

Ƙanin ya buɗe baki zai yi magana, aka watsa masa harara, ya haɗiye abarsa.

Ba a rufa mako ba sai ga Auta da tsakar rana. Ta buga ƙofar mota har ƙarafan da ke rataye suka amsa, ta bar injin yana aiki, ta tsaya a gabansa tana huci.

"Ke, ba ki iya gaisuwa ba?"

"Gaisuwar na baro ta a shataletale, Baba!" Da ƙarfi take magana, shi ya sa ya ji ta tas. "Sitiyari ya ƙage mini a tsakiyar hanya, ga jikanka a baya, ga tirela ta taho. Allah ne kawai ya tsare. Ka ce lafiyarta ƙalau, ni kuma na yarda don kai ka faɗa!"

"Na ce miki motar nan ba ta kuka!"

"Baba Ƙarami, don Allah juya masa."

Ƙanin ya zura hannu ta taga ya juya sitiyarin. Mai Kunne ya ga masu jiran gyara sun yamutsa fuska, wani har da toshe kunne. Shi kam shiru, sai ɗan zuuu ɗin nan da ya saba kwana da shi.

"Yanzu haka ihu take yi," in ji Auta. "Kowa a garejin nan yana ji, sai kai."

Ransa ya ɓaci, ɓacin da bai san wa zai sauke wa ba. Ya fizge bonet, ya buɗe robar man sitiyari. Man ya yi ƙasa, sauran kuma duk kumfa. Da ya leƙa a wancan karon, da ya gani.

"Famfo ne, Yaya. Bari in cire."

"Taɓa shi ka gani!"

Ya ɗauko doguwar sukudirebarsa, ya ɗora tsinin a kan famfon, ya manna ƙotar a kunne kamar yadda ya saba. Ba komai. Ya koma ɗaya kunnen. Ba komai. Don tsabar takaici ya gantsara wa ƙotar cizo, sai ga kukan ya biyo ƙarfe, ya ratsa haƙora, ya shige masa kai. Ya tsaya cak, yawu na bin haɓarsa, ko a jikinsa. Famfon ba gurnani yake ba, iska yake zuƙa. Ya bi tiyon da ke kai masa mai da yatsa, sai ga tsaga kusa da maɗauri, ta jiƙe sharkaf.

Ya kashe injin. Ya canja tiyo, ya cika mai, ya ɗaga gaban motar da jak, ya dinga kai sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu har kumfar ta mutu. Aka sauke mota, Auta ta shiga, ta tayar, ta juya.

Mai Kunne ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da ya riga ya goge. Sannan ya yi tambayar da tunda ya fara sana'a ba a taɓa jin ya yi wa wani ba.

"Ya yi shiru?"

Fushin Auta ya sauka. Ta amsa a hankali, da muryarta ta gida, idonta ya kawo ruwa. Ya ga bakinta yana motsi. Ya jira, ya ƙara jira. Daga nan ya juya wajen ƙaninsa, muryarsa a sanyaye.

"Me ta ce?"