Ƙofar da Aka Faɗaɗa wa Mota

Mun tashi da asuba daga Bichi, ni da kawuna, a bayan motar gyaɗa. Kuɗin mota sule guda direba ya karɓa a hannun kowannenmu, ya jibge mu kan buhuna kamar mu ma sikeli za a kai mu. Hanyar ramuka ce zalla. Kafin mu kai Dawanau kawu ya yi salatin da zai ishe shi shekara.

Saƙon Inna ne ya kai ni Kano. Mahaifina magini ne, mutumin Gwammaja, yana cikin waɗanda suka gina gidan 'yan kwana-kwana na cikin birni tun ina goye. Har ya rasu bara bai daina gaya mata ba cewa a saman babbar ƙofar ya zana irin zanen ƙwaryar nonon da ya fara ganinta ɗauke da ita. Inna ba ta taɓa ganin wurin ba, yanzu kuma ƙafa ta ƙi. Ta ce, "Je ka gano mini, ka zo ka faɗa mini yadda ya fito."

Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan 'yan littattafan hikaya na bakin kasuwa, na riga na gina wurin a raina. Na ga mutanen birni suna wucewa safe da yamma ƙarƙashin soyayyar iyayena ba su sani ba.

Da hantsi muka shiga gari. A Mandawari muka ci waina da miyar taushe ta kwabo biyu, mai wainar ta yi mana kwatance da ludayinta. Lungunan birni jaki biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya haƙura.

Tun daga nesa na hango ginin. Na ƙasa ne, ja, bangon ya fi kamu biyu kauri, da zankwaye a kusurwoyi da dogayen indararo. A gefe akwai hasumiya inda mai tsaro ke zama yana duban hayaƙi, ƙararrawa rataye kusa da kansa. Na zagayo ta gaba.

Babu zane. Babu ma ƙofar. Wani wawakeken baki na tarar mai kusurwa huɗu, an gicciya ƙarfen titin jirgi a sama, an shafe da siminti fari fat. A ciki jar mota na sheƙi.

Wani dattijo cikin ma'aikatan yana gyaran bokitin fata a inuwa. Na gaishe shi, na faɗi sunan mahaifina. Ya ajiye basilla ya dube ni.

"Kai ne ɗan mai tsiyar nan? Kullum sai ya kore mu, wai inuwarmu na ɓata masa aiki."

"Baba, ina zanen da ke saman ƙofar?"

"Ai ka makara da damina biyu, Malam. Ubanka ya auna ƙofar ne da amalanken famfo da muke ja da hannu. Da mota ta iso ta ƙi shiga, Baturen gine-gine ya ce a fasa. Yini ɗaya aka yi."

"Ƙasar da aka yi zanen da ita fa?"

Ya nuna da haɓa. "Ga ta nan, kana tsaye a kanta. Rami muka cike, don taya."

Kawu ya janye ƙafarsa kamar ya taka garwashi.

Dattijon ya ja mu ciki. Rufin yana nan yadda aka ɗaura shi, bakan gizo huɗu na azara da ƙasa sun tashi daga bango sun haɗu a tsakiya, ko tsaga babu, ga sanyi kamar cikin randa. A lungu na ga tsohon amalanken, igiyarsa sabuwa. Na tambayi abin da yake yi har yanzu. Ya yi dariya.

"Da wa kake zaton muke zuwa gobara? Hajiya motar nan ba ta shiga lungu. Ranar da wuta ta kama a Jakara, a bakin titi ta tsaya tana kuka, mu muka ja wannan da bokitai."

Ban iya cin abincin rana ba. A motar dawowa kawu ya ce in gaya wa Inna zanen na nan, Allah ba zai kama ni ba. Na shirya ƙaryar tsaf, har da launi.

Da la'asar muka iso. Tana kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta ɗaura sabon kallabi. Bakina ya kasa furta ƙaryar. Na shiga ba ta labarin rufin, da kaurin bango, da yadda har yanzu ake tuna Baba.

Ta bari na gama. "Ban aike ka duba rufi ba."

Na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Amma an taɓa yin sa?"

"An yi, Inna. Wanda ya gani da idonsa ya gaya mini."

"To." Ta kwance kallabin, ta ninke, ta ce a kai mata buta.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, kuma ba daɗi. Magini na auna ƙofa da abin da ya sani, masu gari kuma su zo da abin da ya fi ta faɗi. Na yi shekara tara da iya hawa mota ni kaɗai, Baba na raye, zanen na nan, Inna na iya tafiya. Ina ɗaki ina karanta soyayyar mutanen da ba a taɓa haifa ba.