Manjagarar Baba Ta Dawo Hannuna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran Baba Mai Manjagara, dattijon da ya shekara ashirin yana yashe kwatar layinmu ba wanda ya sa shi. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, Baba. In shiga in fita ina duban gabas, hadari sai haɗuwa yake, kuma ka san gidana ne a ƙarshen gangare. In kwatar ta toshe, ɗakin 'ya'yana ruwa zai fara ci.

Hukuma ta taɓa kafa allo, wai duk wanda ya zuba shara a kwata za a ci shi tara. Muka mayar da allon wurin shanya tabarma. Kai ne ka gano inda gizo ke saƙa: mai kurar shara bokiti-bokiti yake karɓar kuɗi, shi ya sa kowa ke fakar ido ya juye rabin tasa a kwata. Ka zaunar da shi, ka lallashe shi ya koma karɓa a wata, komai yawan sharar gida. Wanda ya riga ya biya, me zai ɓoye?

Masu taurin kai kuwa ba ka taɓa ɗaga musu murya ba. Ka san sharar kowane gida kamar yunwar cikinka. Sai ka tsamo, ka yi sallama, ka ce, "Uwar gida, ga kayanku sun faɗa kwata, na ce kada ku yi ta nema." Matar tela sai da ta yi mako ba ta leƙo waje ba. Har da ni a masu yi mata dariya.

Jiya babban ɗanka ya kawo mini manjagararka, ya ce ka bar wasiyya a ba na ƙarshen gangare. Da safen nan na shiga kwatar. Abin da na fara jawowa buhu ne cike da ɓaraguzan gyaran ɗakina. Ni na tura shi ƙarƙashin gadar kwatar makon da ka kwanta ciwo, don mai kura ya ce ɓaraguzai sai da ƙarin kuɗi, kuma na san ba mai dawo mini da shi. Kunya ta rufe ni, Baba. Na saɓa shi a kafaɗa, na kai ƙofar gidana da kaina.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wannan aiki ya zame maka sadaka mai gudana. Inna uwargidan Baba da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ni kuma Ya yafe mini, Ya ba ni ikon kai ƙarshen kwatar nan kafin ruwa ya sauko.