Idanu a cikin kular Kawu Bahago

Kawuna da hagu yake yin komai, shi ya sa sunan Bahago ya bi shi tun yana yaro har ya danne na yanka. An kai shi koyon ɗinki, almakashi ya ƙi hannunsa. An kai shi wajen kafinta, maigidan ya ce ganin yadda yake riƙe zarto kaɗai jiri yake sa shi. A kwata ya samu wurin zama, domin wuƙa ba ruwanta da hannun da ya riƙe ta. Can ya manyanta yana gyaran kan sa da na akuya, har muke tsokanarsa da kawuna mai kawuna.

Mutum ne marar magana. Matarsa kuwa Rediyo ake ce mata a bayan ido, kuma ta sani.

Wata shekara wata likitar dabbobi daga makarantar da ake koyar da aikin ta zo kwata neman wanda zai riƙa cire mata idanun dabbobin da aka yanka, da ɗuminsu, a sa su cikin sanyi. Aka nuna mata Kawu. Na farkon da ya kai mata duk sun lalace, ya matse su wajen cirewa. Ta dawo da kanta ta nuna masa yadda zai zagaye idon da wuƙa ba tare da ya danne shi ba, ta ba shi ƙananan kwalabe da kular ƙanƙara. Hannunsa ya faɗa. Bai faɗa wa kowa a gida ba, don a wurinsa aiki ne kamar kowane.

Wata rana likitar ta makara a wajen jarrabawar ɗalibai, sai ya biyo gida da kular, ya tura ta ƙasan firji, ya shiga wanka. Matarsa ta buɗe, a zatonta hanta ya kawo. Ta tarar da idanu jere cikin ƙanƙara, kowanne a kwalbarsa, suna kallonta. Ta rufe a hankali.

Daga ranar Rediyo ta ɗauke. Abinci ya ƙi shigarta. Ta tsinci safar hannu ta roba a aljihunsa, ta kuma ji shi a waya yana ce wa wata mace, "Yanzu na cire su, ba wanda ya taɓa." Ta gama yanke wa ranta cewa mijinta ya faɗa hannun miyagun mutane. Da abin ya ci ƙarfinta, ta kira mahaifiyata, wadda ita ce yayarsa.

Mahaifiyata ta zaunar da shi ta ce, "Ƙanena, idanun wa kake yawo da su?"

"Na akuya ne, Yaya. Wani lokaci na sa."

"Wa kake kai wa?"

Ya dubi matarsa, ya ga yadda wuyanta ya zube. Sai ya miƙe ya ce su sa takalma.

Ɗakin binciken likitar da ya kai su fari ne fes, mai sanyi da warin magani. Likitar ta saurari zancen, ta danne dariyarta, ta jawo wa matar Kawu kujera gaban madubin likita, na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Ta ɗauko ido ɗaya, ta yanko gilashin gabansa, wato fatar nan garau da haske ke ratsawa, ta kifa shi, ta ɗiga masa rini shuɗi da ja.

"Leƙa nan, Mama. Kada ki rufe ɗaya idon."

Matar Kawu ta leƙa ta daɗe. Ta ce, "Wannan ai saƙar zuma ce."

"Ƙwayoyin halitta ne da ke shimfiɗe a bayan gilashin. Su ke tsotse ruwa don ido ya zauna garau. Waɗanda suka sha shuɗi sun mutu, kuma ba a cika samun sababbi a madadinsu ba. In suka yi ƙaranci, ido ya yi hazo, dabba ta makance. Da idanun da Baba ke kawowa ɗalibaina suke koyon ƙirga su."

Ta kai su ɗaki na gaba, inda aka kwantar da wani tsohon kare ana ɗaukar hoton cikin idonsa da wata na'ura da ko taɓa shi ba ta yi. Irin saƙar nan ta bayyana a allo, mai karen na shafa masa kai.

Da suka fito, matar Kawu ta zauna a benci ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, ta yi hamdala, ta share ido da bayan hannu. Sannan ta soma yi wa Kawu faɗa, ba waƙafi ba aya, shi kuwa yana tsaye yana murmushi.

Can ta juya ga likitar ta ce, "'Yata, ni ma ki duba mini nawa."

"Mama, ni dabbobi nake dubawa."

"To ga wannan, ki duba shi. Shekara da shekaru ina kiwonsa, bai taɓa buɗe baki ya faɗi abin da ke cikinsa ba."